Cotman: Mutumin da Sunansa ke Jikin Akwatin Fentinka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin zane ne a makaranta, shekarata shida a kan aikin. Akwatin fentin ruwan da nake amfani da shi an rubuta Cotman a jikinsa, wani abokina ya ce sunan wani mai zanen hoto ne da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa. Wane ne shi? Abin da ya sa na tambaya, tun da na kama koyarwa nake jin hannuna yana mutuwa, ba na samun lokacin yin nawa zanen. Shi ma haka ta faru da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai faɗi ƙarya ba. Cikakken sunan mutumin John Sell Cotman, ɗan ƙasar Ingila. An haife shi a birnin Norwich da ke gabashin ƙasar ranar 16 ga Mayu 1782, ya mutu a Landan ranar 24 ga Yuli 1842 yana da shekara 60. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a Landan a 1832, shi ne daga baya ya ɗora sunansa a kan fentin da yake yi wa masu koyo, wato mai sauƙin kuɗi, wanda a wasu launukan ake maye gurbin gari mai tsada da mai araha. Duk lokacin da na ga akwatin nan a hannun ɗalibi sai in rasa ko karramawa zan kira abin ko zolaya, domin mutumin ya shafe fiye da shekara 30 yana ƙorafin cewa ɗalibai sun cinye masa rayuwa, sai ga shi bayan mutuwarsa ma a hannun ɗalibai ya ƙare.

Da ya mutu, an yi gwanjon ayyukansa a Landan a 1843, aka sayar da su a farashin da ya zama abin kunya. Sai da aka yi kusan rabin ƙarni kafin idon mutane ya dawo kansa. A 1902 Gidan Tarihin Birtaniya ya sayi tarin zanensa da wani mutumin Norwich mai suna James Reeve ya daɗe yana tarawa. Iyalan Colman, masu kamfanin mastad (wani kayan yajin abinci) na Norwich, su ma sun tara da yawa, kuma nasu yana gidan tarihin tsohuwar fadar Norwich a yau. Akwai wani babban tarin a birnin Leeds. Yanzu idan masana suna lissafa gwanayen fentin ruwa na Ingila, da wuya su ambaci mutum uku ba shi a ciki.

Kafin in shiga labarinsa sai na tuna maka da abin da ka riga ka sani a hannunka, don in ba haka ba ba za ka ga girman abin da ya yi ba. Fentin ruwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, ruwa ke ɗaukarsa ya shimfiɗa a takarda, ruwan ya bushe ya bar launin siriri, har hasken takardar yana ratsowa ta cikinsa. Mai fentin mai yana da farin fenti, in ya yi kuskure ya bari ya bushe ya rufe da wani. Mu farinmu shi ne takardar kanta. Wurin da kake so ya fi ko'ina haske, tun kafin ka tsoma buroshi a ruwa za ka yanke shawarar ba za ka taɓa shi ba. Daga haske ake tafiya zuwa duhu, kuma komawa baya tana da wuya. A zamanin ƙuruciyar Cotman fentin ma ba mai laushi ba ne irin na akwatinka. Dunƙule ne mai tauri kamar sabulu, sai ka goga shi a ɗan faranti da ruwa kafin launi ya fito. Duk launin da za ka shimfiɗa, sai ka haɗa isasshe tun farko, domin idan ya ƙare maka a tsakiyar sararin sama, kafin ka haɗa wani bakin ya bushe, tabo ya zauna.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da siliki da leshi, ya so yaron ya gaje shi a kanti. Yaron ya ƙi. Wajen 1798, yana ɗan shekara 16, ya tafi Landan. Ya fara da aikin shafa launi a kan hotunan da aka riga aka buga, aikin da ake biyan yara kaɗan su yi. Ya kuma samu shiga gidan Dakta Thomas Monro, likitan masu taɓin hankali mai son zane, wanda yake tara samari da dare su kwafi ayyukan manya. Ta gidan nan manyan masu zane J.M.W. Turner da Thomas Girtin suka bi kafin shi. Girtin ne ya fi tasiri a kansa, shi ne ya nuna cewa ana iya gina hoto da faffaɗan launi ba tare da an zagaye komai da layin alƙalami ba. Girtin ya mutu a 1802 yana da shekara 27 kacal. Cotman kuwa tun 1800 aka fara rataye aikinsa a baje kolin Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Landan, yana ɗan shekara 18. Ka lura da wannan: shi kansa da kwafi ya koyi sana'ar. Zan dawo kan batun.

Daminar 1803, da ta 1804, da ta 1805 duk a yankin Yorkshire na arewacin Ingila ya yi su, a gidan iyalan Cholmeley da ke Brandsby. Sun ɗauke shi kamar ɗan gida, yana koya wa 'ya'yansu zane, su kuma suna haɗa shi da manyan mutane. A 1805 ta hanyarsu ya sauka a Rokeby, gidan wani attajiri John Morritt, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Greta. Makonnin da ya yi a wurin su suka haifar da ayyukan da har yau ake tunawa da shi saboda su. Shekararsa 23.

Nemi hoton Gadar Greta na 1805 da ke Gidan Tarihin Birtaniya, yana intanet, ka buɗe shi a babban allo. Gada ce mai baka ɗaya a kan kogi, ga gini a gefe, ga itatuwa, ga duwatsu a cikin ruwa ta gabanka. Babu wani abin mamaki a wurin, kowa zai iya wucewa bai waiga ba. To amma ka ƙura wa duwatsun ido. Kowane dutse bai wuce shafi biyu ko uku na launi ba: fuskar da rana ta haska, fuskar da ke inuwa, sai ɗan duhu inda ya taɓa ruwa. Bai lallaɓa launi ya narke cikin wani don dutsen ya yi kama da mai zagaye ba. Ya shimfiɗa na farko daidai wa daida, ya jira ya bushe ƙarau, ya ɗora na biyu da baki mai kaifi kamar an yanka da almakashi. Itatuwan kuma bai ƙirga musu ganye ba. Ya kalli kurmi gaba ɗayansa ya tambayi kansa wace siffa inuwar nan take da ita, wace siffa hasken nan yake da ita, sai ya zana siffofin. Idan ka matso kusa, facin launi kawai za ka gani, ɗaya kusa da ɗaya. Ka ja da baya taku uku, sai ga ruwa yana kwance, dutse ya yi nauyi, iska tana tsakaninka da tsaunin da ke can nesa.

Akwai wani daga wannan lokacin da na fi so ma, na wata 'yar ƙofar katako da aka rataya a kan rafi a Duncombe Park don kada dabbobi su bi ta ruwa su fice. Abin da ke hoton ke nan, ƙyauren katako da ciyayi. Abin da ya riƙe hoton shi ne ramukan da ke tsakanin katakan, da 'yan guraben da ya bari tsakanin ganye, inda launin ƙasa ke leƙowa. Ya zana gefen abu har abin ya fito da kansa. Duk wanda ya taɓa gwada wannan ya san cewa a nan ne zufa take. Cika takarda da ganye dubu aikin haƙuri ne kawai, kowa zai iya in ya zauna. Sanin waɗanne guda goma za ka bari ka jefar da sauran, wannan sai mai ido.

Ya rubuta wa wani mai taimakonsa a wannan shekarar cewa babban abin da ya sa a gaba shi ne ɗauko launi kai tsaye daga abin da yake gani a fili. Masana sun yi ta ja-in-ja a kan ko a bakin kogin ya gama hotunan ko a ɗaki. Ni dai a matsayina na wanda ya daɗe yana riƙe buroshi, ina ganin shafi mai tsabta irin wannan, hawa uku ko huɗu, kowanne sai ya bushe kafin na gaba, a ƙasar da ruwan sama ba ya sallama, yawancinsa a kan tebur aka yi shi. Fensir da ƙananan gwaje-gwajen launi ne aikin fili. Wannan bai rage masa komai ba. Ya ma nuna cewa abin da muke yabawa tunani ne da aka yi a natse. Mutane kan ce aikinsa ya yi kama da hotunan bugawa na Japan. Kamar tana nan, sai dai waɗancan ba su cika kasuwannin Turai ba sai bayan 1850, shi kuwa ya riga ya mutu.

To me ya hana a saya? Masu kuɗin Landan na lokacin so suke su ga wahalar da aka sha a jikin hoto. An kafa ƙungiyar masu fentin ruwa a 1804, kuma burinta ta nuna cewa fentin ruwa zai iya gogayya da fentin mai: manyan hotuna, launi mai nauyi, kowane ganye a fili, a saka a firam mai ruwan zinariya. A tsakiyar waɗannan, aikin Cotman sai ya yi kama da wanda aka fara ba a gama ba. Ƙungiyar ma sai a 1825 ya samu shiga cikinta, a matakin ƙasa. A ƙarshen 1806 ya tattara ya koma Norwich, ya buɗe makarantar zane.

A Norwich ya tarar da ƙungiyar masu zane da John Crome da Robert Ladbrooke suka kafa a 1803, ya shiga, har ya zama shugabanta a 1811. Ya auri Ann Miles a 1809, 'ya'ya suka fara zuwa. A shekarar auren ya fito da wata dabara da ya kamata kai malami ka tsaya a kanta. Ya tara zanensa guda 600, ya mai da su kamar ɗakin karatun da ake aron littafi. Ɗalibi ya biya kuɗin wata uku, ya ɗauki zane ya kai gida ya kwafa, ya dawo da shi tare da nasa, malam ya duba ya gyara, ya ba shi na gaba. Da haka mutum ɗaya yake koyar da mutanen da ba zai iya zama da kowannensu ba. Galibin ɗaliban nan 'ya'yan masu hali ne, mata sun fi yawa, domin a Ingila ta wancan zamani iya zane yana cikin abin da ake ƙawata tarbiyyar 'ya mace da shi, kamar kiɗan fiyano da Faransanci. Kaɗan ne a cikinsu ke da niyyar zama masu zane. Ka san irin ajin, wanda rabinsa an turo su ne.

Daga 1812 zuwa 1823 ya zauna a Great Yarmouth, garin bakin teku, ƙarƙashin inuwar Dawson Turner. Wannan Turner ɗin ba shi da dangantaka da J.M.W. Turner mai zane. Mai banki ne, masanin tsirrai, mai son tsofaffin gine-gine. Cotman yana koyar da matarsa da 'ya'yansa mata, sannan yana yawo ƙauyukan Norfolk yana zana tsofaffin majami'u da kaburbura don a buga a littafi. Aikin bugawar nan ba ƙaramin cin rai ne da shi ba. A shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a karce zanen da allura layi bayan layi, a tsoma a ruwan asid ya ci wuraren da aka karce, a cusa tawada a buga. Ya yi ɗaruruwan faranti. Mutumin da ya gano yadda ake yin hoto ba tare da layi ba, ya shafe shekara goma ba abin da yake yi sai layi. Waɗannan shekarun su suka fi ba ni takaici a duk tarihinsa, fiye da na aji. Rufin asiri ya samu, kuma ba zan zagi Dawson Turner ba, domin ba don shi ba da iyalin sun sha wuya. Amma abin da ya buƙata daga Cotman ƙwararren mai kwafe gini ne, kuma abin da ya samu ke nan.

Alheri ɗaya ya fito daga ciki. Bayan an gama yaƙin Napoleon a 1815 hanyar Faransa ta buɗe wa mutanen Ingila, sai ya tafi yankin Normandi sau uku, a 1817 da 1818 da 1820, yana zana majami'u da ganuwoyi. Littafin ya fito a 1822 da hotuna kimanin 100, Dawson Turner ne ya rubuta bayanin. Kuɗi bai kawo masa ba, amma bayan tafiye-tafiyen nan launinsa ya canza. Sanyin kore da toka-toka na Greta ya ja baya, shuɗi mai ƙarfi da rawaya mai zafi suka shigo. Wasu na ganin ya yi haka ne don ya jawo hankalin masu saye a bangon baje koli. Akwai gaskiya a ciki, kuma wasu hotunan wannan lokacin sun cika ihu, ba na son su. Wasu kuwa, musamman na jiragen ruwa da ya koyi siffarsu a Yarmouth, ba su da na biyu.

Da ya koma Norwich ya kama wani ƙaton gida a St Martin's at Palace Plain, ya cika shi da littattafai da tsofaffin hotuna da sulke da ƙananan samfuran jiragen ruwa, don gidan ya yi kama da na babban malami ya jawo manyan ɗalibai. Kuɗin shiga bai kai na fita ba, bashi ya yi masa katutu. A nan ne ciwon da ya daɗe yana bin sa ya tsananta. Wasiƙunsa sun nuna mutum mai hawa da sauka: wata guda yana cike da buri da zumuɗi, wata na gaba ya faɗa baƙin cikin da ko buroshi ba ya iya ɗagawa. Ciwon ya taɓa wasu daga cikin 'ya'yansa ma. Na faɗi wannan ne don kada mu ɗora wa koyarwa laifin da ba nata ba. Idan ka karanta kukansa a kan aikin malanta, ka tuna cewa mai kukan ba shi da lafiya, ga kuma masu bin bashi a ƙofa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a tsakiyar wannan halin ya ƙirƙiro sabuwar hanya. Wajen 1830 ya fara haɗa fentinsa da ƙullun gari, na alkama ko na shinkafa, wanda ya yi danƙo. Launin sai ya yi kauri, ya daɗe bai bushe ba, ya ba shi damar ja da buroshi, ya goge da tsumma, ya ɗebe launi da yatsa ya fito da haske a inda dā duhu ne. Ka ga ya juya dokar da ya ginu a kanta yana saurayi. Dā haske sai an tanada shi tun farko, yanzu yana iya tono shi daga baya. Hotunan da ya yi da wannan haɗin, na tsaunuka da tafkuna masu zurfin shuɗi, yawancinsu daga tunaninsa suka fito da tsofaffin zanen fensir na tafiye-tafiyen ƙuruciya, domin ba shi da sukunin zuwa wuraren. In za ka gwada, ka yi a ƙaramar takarda mai kauri, kuma kada ka haɗa da yawa, ƙullun yana lalacewa cikin 'yan kwanaki.

A Janairun 1834 aka naɗa shi malamin zane a makarantar King's College da ke Landan. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne J.M.W. Turner yana cikin waɗanda suka tsaya masa. Kafin ya tashi daga Norwich sai da ya yi gwanjon yawancin abin da ya tara. Ɗansa John Joseph ya riƙe ɗaliban Norwich, babban ɗansa Miles Edmund ya zama mataimakinsa a Landan, kuma shi ya gaji kujerar bayansa. Yaran makarantar suna da yawa ƙwarai, kowanne yana buƙatar abin kwafi, sai gidan Cotman ya zama kamar masana'anta: uba da 'ya'ya suna zaune da dare suna fitar da zanen kwafi, har suka kai dubbai. Cikin yaran da suka zauna a ajinsa akwai Dante Gabriel Rossetti, wanda ya zama shahararren mai zane kuma mawaƙi. Ba zan ce Cotman ne ya yi shi ba, domin babu kamar Cotman a aikin Rossetti ko kaɗan.

A nan zan faɗi ra'ayina a kan koyarwarsa, ko da masoyansa ba za su ji daɗi ba. A matsayin malami ya yi ƙwazo, ya yi tsari, amma bai fitar da magaji ba in ka cire 'ya'yansa da 'yan kaɗan. Dalilin yana cikin hanyar. Idan ka ba yaro zanen Cotman ya kwafa, ka ba shi amsar lissafi ne ba tare da lissafin ba. Aiki mafi wuya, wato tsayawa gaban itace mai ganye dubu ka mai da shi siffa biyar, malam ya riga ya yi masa. Yaron zai koyi riƙe buroshi, ya koyi shimfiɗa launi ba tabo, ya koyi jira, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma ranar da ka kai shi gaban itacen gaske sai ya daskare. Na ga wannan da idona a nawa ajin shekarun baya, lokacin da na dogara da kwafi fiye da kima: ɗalibar da ta fi kowa iya kwafi ita ta fi kowa rikicewa da muka fita waje. Shi Cotman da kwafi ya fara a gidan Monro, gaskiya ne, amma bayan nan ya taka ƙasar Wales da Yorkshire da ƙafarsa yana zana abin da ke gabansa. Yaran King's College rabin farko kawai suka samu. Magadansa na haƙiƙa sun zo ne bayan kusan shekara 100, masu zanen Ingila na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu irin su Paul Nash da Eric Ravilious, waɗanda zamaninsu ya riga ya koyi ganin kyau a hoto mai sauƙin siffa.

Saboda haka in za ka yi amfani da shi a ajinka, ka haɗa biyun a mako guda. Ranar farko su kwafi duwatsun Greta da launi ɗaya tak, hawa uku: mai haske, matsakaici, mai duhu, kowanne ya bushe kafin na gaba, kuma ka hana su komawa su gyara. Rana ta biyu ka ajiye musu dutsen gaske a kan tebur kusa da taga, ka ce su yi masa irin wancan. A rana ta biyun ne za ka ga wanda ya fahimta.

Yanzu tambayarka ta ainihi, ko hannunsa ya mutu. Bai mutu ba. Abin da koyarwa ta ci masa lokaci ne da ƙarfin jiki, kuma ta ci da yawa. Ba zan yi maka daɗin baki in ce aji yana ƙara wa mai zane basira ba. Wani lokaci yana yi, domin bayyana abu ga yaro yana tilasta maka ka san me kake yi, amma sau da yawa gajiya kawai yake bari. Sai dai ka duba lissafin: mutumin da yake zana abin kwafi kusan kullum na tsawon shekaru, hannunsa bai taɓa yin sanyi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ranakun da zai zauna gaban abu ya kalle shi don kansa, ba don ɗalibi ko mai littafi ba. Ina zargin abin da kake ji ke nan kai ma. Kana zana wa yara a allo kullum, don haka yatsunka lafiyarsu lau. Idonka ne ya daɗe bai ci abinci ba. Kuma ka lura cewa Greta gaba ɗayanta 'yan makonni ce, a takardun da ba su fi a rungume a hammata ba. Fentin ruwa ya fi kowane fenti dacewa da mai ƙarancin lokaci, tunda ba ya buƙatar ɗaki na musamman ko kwanaki kafin ya bushe.

A kakar 1841, saura watanni ya mutu, ya samu ɗan hutu daga makaranta ya koma Norfolk. An yi ruwa mai yawa a shekarar, koguna sun cika sun malale filaye. Dattijo mai shekara 59, ga rashin lafiya, ya riƙa fita cikin iska da yayyafi yana zana itatuwan da guguwa ke lanƙwasawa da gonakin da suka zama tafki, da baƙin alli da fari a kan takarda mai launi, yana rubuta kwanan wata a jikin da yawa daga cikinsu. Babu wanda ya sa shi, babu ɗalibin da zai kwafa. Zane-zanen nan suna cikin mafi ƙarfin abin da ya bari. Da ya koma Landan ya fara wani hoto da fentin mai, na abin da ake hangowa daga gidan mahaifinsa a Thorpe, kusa da Norwich, inda kogi ya ratsa. Ya shimfiɗa launin farko, ya tsara inda komai zai zauna, sai makaranta ta koma, jiki kuma ya ƙi. An binne shi a St John's Wood a Landan. Hoton yana gidan tarihin Norwich yadda ya bar shi.